Akawun da ya kai ƙarar maƙwabcinsa ofishin haraji

Akwai wani akawu da ke aiki a kamfanin sayar da kayan gini. Mutum ne tsaf-tsaf, rigarsa kullum a goge, biro biyu a aljihu. Ba ya sata, ba ya zagi, ba ya barin iyalinsa da yunwa. Aibinsa ɗaya ne: in ya ga alheri a hannun wani, sai abinci ya daina yi masa daɗi.

Yana haya a wani gida mai sashe biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Shi da iyalinsa suna sashen dama, wani kafinta kuma yana na hagu. Akawun ne ma ya kawo shi gidan, ya tsaya masa wajen mai gida, har ya ranta masa kuɗin ajiyar da ake bayarwa kafin a shiga haya saboda ko za a yi ɓarna. Shi ya sa Kafinta ba ya kiransa da komai sai Yaya.

A lokacin Akawu yana ƙaunar Kafinta ƙwarai. Kun san akwai masu son na ƙasa da su, amma da sharaɗin ya ci gaba da zama a ƙasan.

To, Kafinta bai zauna ba. Hannunsa na da kyau, aiki ya riƙa zuwa. Ya sayi babur, ya sayo wa matarsa firji. Ranar da aka kunna firjin, matar Kafinta ta aiko musu da ruwan sanyi cike da jug. Yara suka sha suna murna. Akawu ya ce shi ruwan sanyi yana taɓa masa haƙori, alhali a ofis shi ne na farko a bakin firji.

Ana nan sai mai gidan, wani dattijo da ƙafa ta fara ba shi wahala, ya tara su biyun a tsakar gida.

"'Ya'yana, nan da shekara biyu zan sayar da gidan nan in koma kusa da yarana," in ji shi. "Na fi son ya faɗa hannun ɗayanku. Wanda ya shirya ya kawo kafin alƙalami, sauran banki ya cike masa. In kun kasa, dillali zan ba."

Kafinta ya yi dariya ya ce, "Baba, ni ina ni ina sayen gida? Ai wannan maganar Yaya ce."

Akawu ya yi murmushi, amma ta ciki na ciki. Ya riga ya ƙirga kujerun da suka fita daga shagon Kafinta a watan nan, kuma bai yarda da dariyar ba.

Ƙarshen wata ya karɓi takardar albashinsa, ya zauna yana hararar ta. A sama an rubuta albashi gaba ɗaya, adadi mai kyan gani. Ƙasa da shi an cire haraji, an cire kuɗin fansho da ake tara wa mutum don ranar tsufa. Can ƙarshe sai abin da ke shiga hannu. Na saman na kallo ne, na ƙasan shi ne na cefane.

Ya miƙa wa matarsa takardar ya ce, "Dubi nan. Ni tun kafin in ga kuɗina an yanke. Shi kuwa wancan, a ba shi a hannu ya cusa a aljihu, ko sisi ba ya ba hukuma. Da haka zai riga ni gidan nan."

"Baban yara, kai ma fa ba a rasa ka da komai ba," in ji ta. "Ka yi naka tanadin, ka bar masa nasa."

Bai ji ba. Ya ƙulla dabara biyu, kuma a ganinsa babu mai wayonsa a unguwar.

Ta farko, ya sami manajan kamfaninsu ya ce, "Yallaɓai, alfarma nake nema. A rubuta rabin albashina a takarda, sauran rabin a riƙa ba ni a hannu. Haraji ya ishe ni."

Manaja ya dube shi ta saman tabarau. "Ka san fanshonka ma zai ragu? Kuma duk inda ka je, abin da takarda ta ce shi ne albashinka."

"Na sani, Yallaɓai. Takarda ai ba a cin ta."

Manaja ya ga shi ma kamfani zai rage abin da yake zubawa a asusun fansho, sai ya amince.

Dabara ta biyu ita ce mai muni. Ranar wata Talata, lokacin hutun cin abinci, Akawu ya taka da ƙafarsa har ofishin haraji. Ya ba da kwatancen shagon Kafinta dalla-dalla, har da launin ƙofa. Ya ce mutumin yana samun kuɗi kamar ya tsinta, kuma bai taɓa biyan ko kwabo ba. Ya roƙi kada a ambaci sunansa.

Da ya gaya wa matarsa, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Mutumin da ke kiranka Yaya? Wanda ya gyara mana gadon yara bai karɓi komai ba?"

"Doka na bi," in ji shi.

"Ba doka ka bi ba, baƙin ciki ka bi. Allah ya sa kada mu ji kunya."

Bayan mako biyu ma'aikatan haraji suka dira shagon. Da yamma Kafinta ya shigo gida, ya nufi sashen dama da takarda a hannu.

"Yaya, karanta mini. Ɗaure ni za su yi?"

Akawu ya karanta a hankali, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Harajin shekarun baya ne aka ƙiyasta, ga kuma tara a kai.

"Kai, mutane ba su da imani," in ji shi. "Ko wa ya yi maka wannan?"

"Na bar shi da Allah, Yaya."

Sai da Kafinta ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, kafin ya fita. Ranar da mai saye ya tuƙa babur ɗin ya fice daga gidan, Akawu ya ci abinci har da neman ƙari.

Abin da bai lissafa ba shi ne tsoro. Kafinta ya tsorata ƙwarai, duk abin da ma'aikatan suka ce ya yi, sai da ya yi. Ya yi wa shagonsa rajista, ya buɗe asusu a banki, ya ce wa masu sayen kaya su riƙa tura kuɗi can. Ƙarshen shekara ya je da kansa ya biya, aka ba shi takardar shaidar biyan haraji. Ya ƙunshe takardun a leda, duk inda za shi suna cikin jakarsa, wai kada a tare shi a hanya.

Ya kuma yanke cewa babur da firji ne suka jawo masa ido. Daga ranar ko takalmi bai sake ba. Akawu yana ganinsa yana tafiya shago a ƙasa, sai ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka ya gama da shi. Bai san wata makaranta ta ba Kafinta aikin bencina ba, irin aikin da ba a ba kowa sai mai shaidar haraji, kuma kuɗin suna kwance a asusu.

Shekara biyu ta cika. Akawu ya haɗa kafin alƙalaminsa cif, ya sa rigar da ta fi kowace guga. Don ya ƙara jin daɗin ranar, sai ya ce wa Kafinta, "Zo ka raka ni banki ka ga yadda ake yi."

Ma'aikaciyar bankin ta yi musu bayani a sauƙaƙe. Mai saye zai kawo kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gidan. Banki zai biya sauran, shi kuma ya riƙa biyan banki duk wata har shekaru, da ribar da aka yi yarjejeniya a kai. Takardun gidan suna hannun banki a matsayin jingina sai an gama.

"Amma muna da ƙa'ida," in ji ta. "Abin da za ka riƙa biya duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannunka. Kawo takardun albashi."

Ya miƙa. Ta danna na'urar lissafi, ta sake dannawa.

"Malam, da wannan albashin ko rabin gidan ba za mu iya saya maka ba."

"A'a, Hajiya, albashina ya ninka haka. Sauran a hannu ake ba ni."

"Wanda ake ba ka a hannu, ni ban gan shi ba. Abin da ke rubuce shi muka sani."

Ya ce manajansu zai iya rubuto wasiƙa. Ta ce wasiƙa ba ta isa ba, sai takardun shekara biyu da suka dace da abin da aka biya na haraji. Garin neman gira, Akawu ya rasa ido.

Amma mai hassada ko ya faɗi, so yake ya ga wani a ƙasa kusa da shi. Ya nuna Kafinta da baki ya ce, "To ga wannan ma, duba masa, kada ya ce bai gwada ba."

Kafinta ya ce shi rakiya kawai ya yi. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko yana da wata shaidar abin da yake samu. Ya ciro ledar nan daga jaka yana jin kunya. Ta duba shaidar haraji ta shekara biyu, ta buɗe asusunsa a kwamfuta, ta ɗan daɗe tana kallo.

"Malam Kafinta, kai kam ka cika sharaɗi. Kafin alƙalamin ma yana cikin asusunka, har da ragowa."

Suka fito daga bankin suka kamo hanya. Kafinta ne ya yi magana da suka iso ƙofar gida.

"Yaya, kai ka kawo ni gidan nan. In ranka bai so ba, wallahi na fasa."

Akawu ya so ya ce a fasa, har maganar ta zo masa baki. Sai ya tuna dillalin da ke ta zarya wajen dattijo, wanda ya riga ya ce rushe gidan za a yi a gina shaguna. In Kafinta bai saya ba, notis za a ba su duka, shi da yara huɗu.

"Ka saya," in ji shi.

Bayan an gama ciniki, Kafinta ya yi sallama a sashen dama da farar takarda a hannu. Ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya ƙi hawa kujera.

"Yaya, banki sun ce in kawo yarjejeniyar haya a rubuce. Ni rubutuna ka san shi. Taimaka ka rubuta mana. Ba zan ƙara maka ko sisi ba, yadda kake ba Baba haka za ka riƙa ba ni."

Akawu ya zaro biro. Da hannunsa ya rubuta sunan Kafinta a gurbin mai gida, ya rubuta nasa a gurbin ɗan haya. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, shi kuma bai yarda sun haɗa ido ba.

Kafinta ya karɓa yana murna. "Na yi lissafi, Yaya. Hayarka kaɗai za ta riƙa biya mini rabin abin da banki ke karɓa duk wata. Ka ga har yanzu kai ne ke riƙe da ni."

Ya miƙe, har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Ka san wanda nake yi wa addu'a kullum? Mutumin nan da ya kai ƙarata. Da ina jin haushinsa, yanzu kuwa da zan san shi, kujeru zan yi masa kyauta. Ina cewa Allah ya saka masa daidai da niyyarsa. Ka ce amin mana, Yaya."

Akawu ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fita. Matarsa ce ta amsa daga bakin ƙofa, a hankali: "Ai an riga an amsa."

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce, kuma mai ita shi ke ɗauko takin a kansa. Ka san bambancin albashin da ke rubuce da wanda ke shiga hannunka, ka biya abin da ke kanka, ka adana shaidarka, domin ranar sayen gida takarda ce za ta yi magana ba bakinka ba. Lokacin da kake ɓatawa wajen ƙirga samun maƙwabci, naka lissafin ne ke lalacewa. Ku tura wa 'yan uwa da abokan zama, wataƙila wani ya fasa tafiyar da ya yi niyya gobe.