Rantsuwa a Kan Tayar Baya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin Kazaure, mai gyaran babur. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba.

Allah ya ba mutumin nan sanin sana'arsa, wannan babu jayayya. 'Yan acaɓa daga Roni da Gwiwa, har daga Babura, sukan wuce garejin wasu su zo nasa. Abin da ya fi shahara da shi shi ne gano inda mai yake yoyo. Idan tayar babur ta baya ta jiƙe, ba lalle ne ciwon yana wurin da aka ga jiƙar ba. Wani lokaci man sarƙa ne ya yi yawa yake fantsama, wannan ba komai ba ne. Wani lokaci baƙin mai ne yake tsiyayowa daga inji, ya biyo sarƙa har baya. Wani lokaci kuwa shokozoba ce, wato ƙarfen da ke rage wa babur jijjiga a kan gargada, ta lalace, man cikinta yana gangarowa. In wannan man ya sami hanya ya shiga gidan birki, to maganar rai ake yi.

Shi yana da yadda yake ganewa. Sai ya goge wurin tas da tsumma, ya karɓi toka a wurin mai shayin da ke gefen garejinsa, ya barbaɗa tun daga ƙarƙashin kujera har gindin taya. Sannan ya danna babur ƙasa da ƙarfinsa, ya saki, ya sake dannawa. Inda toka ta fara yin duhu, nan ne ciwon. Ya taɓa man da yatsa, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka daga inda ya fito. Ba a taɓa jin ya yi kuskure ba.

Wannan baiwa ce daga Allah. To mai irin wannan baiwa, me zai sa ya halaka?

Hassada ce.

Yana da ɗan uwa, ɗan ƙanen mahaifinsa, sunansa Halliru. Tare suka koyi aiki, tare suka zauna a rumfa ɗaya shekaru masu yawa. Daga baya Allah ya buɗa wa Halliru, ya kama shago a tsallaken titi, yana gyara kuma yana sayar da kayan gyara. Bai ɗauke wa ɗan uwansa ko mutum ɗaya ba. Kullum da safe sai ya tsallako ya gaishe shi, yana kiransa Yaya. Amma mutumin nan duk lokacin da ya ɗaga kai ya ga babura a ƙofar Halliru, sai zuciyarsa ta yi baƙi. Har ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa ba zai taɓa sayen ko ƙusa a shagon Halliru ba, kuma ba zai taɓa tura wani can ba, ko da me ake nema.

Ana nan, wata ranar kasuwa a farkon damina, wani dattijo ya turo babur garejinsa. Sunansa Kawu, Bafillace ne daga wata ruga a ƙasar Roni, yana kiwo yana noma. Ya daɗe yana kawo masa gyara. Matarsa Rahamatu tana biye da shi, ta gama sayar da nono da man shanu. Ita ce ma ta fara lura. Da suka sauka da safe ta ga gefen zanenta ya ɓaci da mai, ta nuna wa mijinta, ta ce kada su koma gida sai an duba.

Mutumin nan ya tsuguna. Bai ma buƙaci toka ba, domin abin a fili yake. Shokozobar dama ta jiƙe sharkaf, man ya gangaro ya taru a bakin gidan birki, ƙura ta manne a kai. Ya taɓa ya murza, ya ji man mai ruwa-ruwa ne, ba mai kauri irin na sarƙa ba. Ya taka birkin baya yana jan babur ɗin, ya ji yana kamawa amma da santsi. Ya matsa na gaba, ya ji babu komai, ya daɗe da mutuwa kamar na yawancin baburan ƙauye.

Ya san abin da ya gani. Ya san dole a sake shokozoba, a buɗe gidan birki a wanke, a sake takalman birkin da suka sha mai. Kuma ya san ba shi da irin wannan shokozobar a ranar, babu kuma mai ita a duk layin sai Halliru.

Ya ɗaga kai ya dubi tsallaken titi. Shaiɗan ya raya masa cewa ai babur ɗin zai kai ranar kasuwa ta gaba bai ba da matsala ba, kafin nan zai sa a kawo masa kaya daga Kano, ya gyara da hannunsa, ba tare da kowa ya taka ƙofar Halliru ba.

Sai ya ce, "Baffa, man sarƙa ne kawai. An cika mata mai, shi ne yake fantsama."

Kawu ba makaniki ba ne, amma yana da ido. Ya ce, "Ɗana, ai sarƙa tana hagu. Man kuma a dama nake ganinsa."

Mutumin ya yi dariya. Ya ce, "Iska ce take watsa shi in kuna gudu."

Rahamatu tana tsaye a gefe da ƙwaryarta, ta ce a hankali, "Ka dai duba mana da kyau, akwai gangare a hanyarmu."

A nan ne ya faɗi kalmar da ta rusa shi. Ya ce, "Inna, wallahi tallahi babu abin da ya sami babur ɗin nan. Ku hau ku tafi."

Ya ɗebo fetur ya wanke wurin har ya yi ƙyalli, ya ɗan matse birkin baya don ya yi kamar yana kamawa sosai. Kawu ya yi masa godiya, ya sa masa albarka. Tunda an rantse masa da Allah, me kuma zai tambaya?

Ya 'yan uwa, ku lura. Da jahilci ne ya sa ya faɗi haka, da an ce kuskure. Amma da saninsa ya faɗa, ya kuma kira sunan Allah a kai.

Kawu ya ɗaura buhun taki a baya, matarsa ta hau, suka kama hanya bayan la'asar. An ɗan yi yayyafi. Da suka bar kwalta suka shiga hanyar rugarsu, akwai wani gangare a tsakanin duwatsu, a ƙarshensa akwai kwalbati. Suna cikin gangarowa sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ya tare hanya. Kawu ya taka birki. Ƙafarsa ta kai ƙasa, babur bai rage gudu ba. Ya kauce wa shanun, ya daki bakin kwalbatin.

Rahamatu ta faɗa da kai a kan dutse. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kawu ya karye a cinya da ƙugu, bai sake tafiya ba sai da sanda biyu.

Bayan an yi addu'ar bakwai, babban ɗan Kawu, Hamma, ya ɗoro babur ɗin a mota ya kawo gari. Wurin Halliru ya kai, don shi ne mai kayan gyara. Halliru ya buɗe gidan birki, ya ga takalman sun jiƙe da mai har suna sheƙi. Ya ga shokozoba ta tsiyaye. Ya ga kuma alamar an wanke waje da fetur ba a buɗe ciki ba. Ya tambayi Hamma wa ya duba babur ɗin a ƙarshe. Hamma ya faɗa masa.

Halliru bai tara mutane ba. Ya tsallaka titi shi kaɗai, ya ja ɗan uwansa bayan rumfa. Ya ce, "Yaya, na buɗe na gani, kai ma ka san abin da na gani. Ka shirya mu je rugar nan tare, ka faɗa wa dattijon nan gaskiya, ka nemi gafararsa. Ni zan raka ka."

Wannan ƙofa ce Allah ya buɗe masa. Da ya shiga, da yau ba labarinsa nake ba ku ba.

Amma ya ture hannun Halliru. Ya ce dama neman hanyar da zai kashe masa kasuwa yake yi. Da magana ta kai gaban shugabannin ƙungiyar masu gyaran babur, sai ya ƙara wani zunubin a kan na farko. Ya miƙe a gabansu ya ce shi ya gaya wa Kawu shokozoba ta lalace, ya gargaɗe shi kada ya ɗauki kowa, tsohon ne ya ƙi saboda rowa. Ya sake rantsewa.

Kun san abin da wannan magana ta jawo? Ta isa kunnen dangin Rahamatu. 'Yan uwanta suka je har inda Kawu yake kwance da karaya, suka ce shi ya kashe musu 'yar uwa. Suka daina gaishe shi. 'Yarsa ta ƙarshe ta daina shiga ɗakinsa. Mutum ya rasa matar da suka tsufa tare, ya rasa ƙafarsa, sannan aka ɗora masa jininta. Da aka tambaye shi ko zai kai ƙara, ya ce a'a. Ya ce abu ɗaya yake so, yaron nan ya zo ya faɗi gaskiya a gaban surukansa, in ya yi haka ya yafe masa duniya da lahira.

An kai wa mutumin wannan saƙo. Bai je ba.

Mai shayin da ke gefen garejin ya ji duk abin da aka faɗa ranar kasuwar nan. Da farko ya yi shiru, yana jin nauyin maƙwabtaka. Amma da ya ji halin da Kawu yake ciki, sai ya kasa cin abinci. Ya je wurin shugabannin ƙungiya ya faɗi abin da kunnensa ya ji, har da tambayar da Kawu ya yi a kan hagu da dama, har da rantsuwar da aka yi wa marigayiya.

Ƙungiya ta tashe shi daga layin. Ba a doke shi ba, ba a ɗaure shi ba. Mutane ne kawai suka daina zuwa. Ya kwashe kayan aikinsa ya koma Babura. 'Yan acaɓa kuwa babu inda ba sa shiga, labari ya riga shi isa. Ya matsa Kanya Babba, nan ma haka. Wanda bai sani ba ya kawo gyara, kafin a kwance ƙusa ta biyu wani ya raɗa masa a kunne, sai ya ce a mayar masa da abinsa yadda yake.

Zaman banza ya kai shi ga shan ƙwaya. Hannun da yake gane mai da taɓawa ya daina gane komai. Ya fara sayar da sifanu da sauran kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Zara ta yi haƙuri iya haƙuri, ta roƙe shi ya je rugar nan ko Allah zai sassauta musu. Ranar da ya ɗaga mata hannu a kan wannan magana, ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta.

Sai da komai ya ƙare, babu gareji, babu iyali, babu mai amsa masa sallama da fara'a, sannan ya tuna da saƙon Kawu. Ya nemi wanda zai rage masa hanya zuwa Roni, ya ƙarasa rugar da ƙafa. Ya yi sallama, Hamma ya fito. Mutumin ya tsuguna a gabansa yana kuka, ya ce ya zo ya faɗi gaskiya, a kira masa Baffa, a kira dangin Inna.

Hamma ya nuna masa bayan ruga, inda aka kewaye wasu kaburbura da ƙaya. Ya ce, "Ga shi can kusa da ita, tun kafin girbi. Duk ƙarar babur da ya ji sai ya ce a leƙa ko kai ne. Ni ba ni da ikon yafe maka a madadinsu. Ka tashi ka tafi, sai kun haɗu."

Mutumin nan yana nan da rai. Waɗanda suke bin hanyar kan iyaka sun ce sukan gan shi a tasha, yana zaune shi kaɗai yana magana da kansa. Wasu ranakun yana gane mutane, wasu ranakun ba ya ganewa.

Ya 'yan uwa, me aka nema a wurinsa tun farko? Ya ce wa tsoho, "Tsallaka wurin Halliru." Shi ke nan. Arzikinsa ba zai ragu ba, domin ba Halliru ne yake raba arziki ba. Amma ya gwammace ya saka rayuka biyu a kan gangare da ya ga ɗan uwansa ya sayar da ƙarfe guda.

Duk wanda aka kawo wa abu aka ce duba mana, amana aka ba shi. Mai babur bai san abin da ke cikin gidan birki ba, da idonka yake gani. In ka sani, ka faɗa. In ba ka da kayan, ka nuna inda suke, ko da wurin wanda ba ka so ne. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, babu wanda wannan kalma ta taɓa kashewa. Kai mai kemis da kake saurarona, da kai mai ginin da za a kwana a ƙarƙashinsa, maganar nan taku ce kamar yadda take ta makaniki.

Kuma ku ji tsoron rantsuwa. Sunan Allah ba abin rufe aibi ba ne. Wanda ya yarda da kai don ka ambaci Allah, to Allah ne shaidarsa a kanka.

Wanda kuma ya san akwai haƙƙin wani a wuyansa, ya tashi yau ya je. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba zai gafarta maka in ya so. Amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, kuma ba ka san ranar da za ka je ka tarar an kewaye shi da ƙaya ba.

Allah ya jiƙan Rahamatu da Kawu. Allah ya wanke zukatanmu daga hassada, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ya sa ran wani ya salwanta ta hannunmu. Wanda ya ɓata, Allah ya shirye shi tun yana numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.