Fankar Ɗakin Inna

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ne ya tara mu a nan ba. A gida Auta ake ce masa, mu ma sai mu bar shi a haka.

Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Da za ku gan shi a sahun sallah ba za ku sake waiwayarsa ba. A gidan burodi yake aiki, shi ne mai tsayawa gaban tanderu tun asuba har rana ta take. In ya tashi sai ya koma gida, wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo a can ƙarshen bene, rufin kwano ne kawai tsakaninsu da rana. Su uku ne a ciki: shi da yayarsa mace da mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna.

Inna ta daɗe a kwance. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da hannunta na dama da ƙafarta, ya nauyaya mata harshe. Ba ta iya juyawa da kanta. In tana son wani abu, akwai cokali da ake ajiye mata kusa da hannun hagu, sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado. 'Ya'yan suka raba jinya. Yaya ce da safe, kafin ta tafi kantin magani inda take aiki, Auta kuma daga azahar har ta dawo da magariba. A ɗakin Inna akwai fanka guda mai tsayawa a ƙasa, ita kaɗai ce mai aiki a gidan tun da ta falo ta lalace.

Da farko Auta yana riƙon amana. Ya ba ta abinci a baki, ya goge mata fuska, ya juya ta gefen da ba ya mata ciwo. Har tsokanarta yake yi, wai ta fi masu mulki jin daɗi, ga ma'aikata biyu ba albashi. Ita kuma ta yi irin dariyar nan ta gefen baki guda, ta sa masa albarka da harshenta mai nauyi.

Sai ya sayi na'urar gem, irin wadda ake jonawa da talabijin a buga ƙwallo ko yaƙi da mutanen da ke wasu gidaje. Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya haramta gem. Ban ce ba. Mutumin da ya wuni gaban wuta, in ya nemi abin da zai huce gajiya da shi, wa zai ga laifinsa? Tambayar ita ce, a ina ka ajiye abin a zuciyarka, kuma wa ka ture kafin ya samu wurin zama?

Da zafi ya shigo, na'urar ta fara ba shi wahala. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin ya sa ta, ya rufe ƙofar gilas don kada ta yi ƙura. Wasa na yin nisa sai ta kama huci, ƙaramar fankar cikinta ta dinga kuka kamar injin niƙa, sai gargaɗi ya fito a fuskar talabijin, sai ta mutu ɗif. Abokan wasansa suka sa shi gaba da tsiya. Wani ya ce na'urar Auta ta fi shi tsoro, da ta ga za a ci su sai ta suma.

Abin ya yi masa ciwo. Ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya kwance ta, ya nuna masa ƙurar da ta yi kirtani a kan ramukan iska, ya share da buroshi, ya hure. Ya ce masa ya fitar da ita daga kabad, kada ya ɗora ta a kan darduma ko katifa, kada ya manna bayanta da bango, ya dinga ba ta hutu. Ya ce in rana ta yi tsanani, ya juyo mata fanka.

"Ita ma numfashi take yi," in ji mai gyara. "Ka toshe mata iska, ka kashe ta."

Ya 'yan uwa, na daɗe ban ji ɗalibin da ya riƙe karatu irin yadda Auta ya riƙe wannan ba. Ya kafa mata katako a fili. Ya sa marafan kwalba a ƙarƙashinta don iska ta ratsa. Ya sayi ɗan buroshi mai laushi, duk sati sai ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. In yana wasa, jefi-jefi sai ya miƙa bayan hannu ya taɓa ta, kamar yadda uwa ke taɓa goshin jariri. Abu guda ya rage masa, fanka.

Ranar farko aro ya kira shi. Inna tana barci, ya ce ai mai barci bai san iska ba, ya zare wayar fankarta a hankali ya kai ta falo. Na'ura ta yi shiru, wasa ya tafi lafiya, kafin Inna ta farka ya mayar. Washegari ba ta yi barci ba, amma ya ce ɗan lokaci ne. Ya ce gobe zai kira mai gyaran fankar falo. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Sabo turken wawa. Kafin a jima abin ya zama tsari: ya ba ta abinci, ya ajiye mata kofin ruwa, ya ɗauki fanka, ya ja mata ƙofa. Ƙofar ma sai da ya samo mata hujja, wai don hayaniyar wasa kada ta dame ta. Kun ga yadda zuciya ke yi? Ba ta taɓa ce maka ka zalunci uwarka. Sai ta ce maka ai tausayinta kake ji. Daga baya ya sayo abin sauraro mai rufe kunne duka biyu, don ya dinga jin abokan wasa sosai. Magariba na kusantowa sai ya mayar da fanka ya buɗe ƙofa, Yaya ta dawo ta tarar da komai a wurinsa.

Wa ya fi wannan mutumin sanin zafi? Shi da ke tsayawa gaban tanderu, shi da ke fita ƙofar baya ya kwara ruwa a ka in abin ya ishe shi. Ya san abin da rufaffen ɗaki ke yi wa mai lafiya, balle tsohuwar da ba ta iya ko yaye mayafi. Ba jahilci ba ne ya ci shi. Son zuciya ne, shi kuwa ɓacin zuciya ne ƙarshensa.

Aka wayi gari wata rana da zafin da ko tsuntsu ba ya shawagi. Kwanon rufi har ƙara yake yi. Ranar ce kuma abokansa suka tsayar don wasan ƙarshe na gasar da suka shirya tsakaninsu, Auta ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba. Ya dawo aiki da sauri, ya ba Inna abinci a gurguje. Gumi na bin wuyanta. Da ya sunkuya zai zare wayar fanka, sai ta bi hannunsa da ido. Ba ta taɓa yi masa magana a kan fankar ba sai ranar.

"Auta," ta ce, kalmar na fita da ƙyar. "Yau da zafi."

"Yanzun nan zan dawo da ita, Inna."

Ya ɗauka, ya ja ƙofa.

Tagar ɗakin tana kallon yamma, rana ta juyo ta shiga ta zauna a kan gadon. A falo kuwa iska na kaɗa na'ura, Auta ya rufe kunnuwa, yatsunsa na rawa a kan maɓallai. Aka kira la'asar bai ji ba. Maƙwabciyarsu, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Inna, ta ce daga baya ta ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Ta ce an daɗe ana yi, da ƙarfi, sannan a hankali, sannan aka bari. Ta ɗauka gyaran gado ake yi.

Auta ya ci wasansa. Ya miƙa hannu ya taɓa na'ura, ya ji ta da sanyi, ya ji daɗi. Abokai suka ce a ƙara ɗaya na murna, ya ce a ƙara.

A cikin wannan ne Yaya ta shigo. Ciwon kai ya dame ta a kanti, aka sallame ta da wuri. Ta tarar da ƙaninta ya ba ƙofa baya, fankar Inna na juyawa a gaban katako. Ta wuce ta tura ƙofar ɗakin Inna. Zafin da ya fito ya doke ta a fuska. Kofin ruwa ya kife a ƙasa, da alama Inna ta yi ƙoƙarin jawo shi. Jikinta ya yi zafi rau, ya bushe, ko gumin babu. Idonta a buɗe, amma ba ta gane kowa.

Maƙwabta suka taimaka aka sauko da ita daga bene. A asibiti aka yi ta sa mata ruwa, ana lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Likita ya ce zafi ne ya fi ƙarfin jikinta, ga tsufa ga ciwo. Ya tambaya ko babu fanka a ɗakin da take kwana. Yaya ta ce akwai. Auta kuwa ƙasa yake kallo. Washegari da hantsi Inna ta cika, ba ta sake cewa uffan ba.

Masu gaisuwa suka yi ta yabon 'ya'yan, wai sun yi jinya, Allah ya ba da lada. Kowace addu'a ta sauka a kan Auta kamar mari. Da mutane suka watse, Yaya ta zauna gabansa a falo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ta daɗe tana tarar da zanin gadon Inna a jiƙe sharkaf, ta kuma lura fanka ba ta zama daidai inda ta bar ta. Ta ce wata rana ta yi niyyar tsare shi da tambaya.

"Sai ta riƙe min hannu," in ji Yaya. "Ta ce ita ce ta sa ka ɗauke, wai iskar na sa mata mura. Na yarda da ita. Kai kaɗai ka san ko ta taɓa faɗa maka haka."

Inna kuwa ba ta taɓa faɗa masa haka ba.

Yaya ta tattara kayanta ta koma wajen wata ƙanwar mahaifinsu. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma sake kiran wayarsa ba. A gidan burodi ya fara tsayawa gaban tanderu, burodi na ƙonewa, hayaƙi na tashi yana kallo. Mai gidan burodi ya yi haƙuri har ya gaji, ya sallame shi. Abokan wasa suka neme shi kwana biyu, da ba su ji shi ba suka sa wani a gurbinsa. Na'ura kuwa lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta sake yi ba. Ya kula da ita yadda ya kamata.

Ya 'yan uwa, ba sai na jawo muku aya a kan matsayin uwa ba, tun kuna yara kuka haddace. Abin da nake tsoro shi ne mu ji wannan labari mu ce ai mu ba mu da gem. Kowa a nan yana da abin da yake kai wa fanka. Wani wayarsa ce, wani motarsa, wani hira a bakin titi. Motar da ta yi ɗan ƙara ka kai ta gareji a ranar, tsohon da ke tari a ɗakin baya kuma ka ce sai ƙarshen wata. Yaushe rabonka da ka zauna kusa da mahaifiyarka ba tare da ido na kan wani abu ba? Kada shirunta ya ruɗe ka. Na'ura in ta ji zafi kuka take yi, ta rubuta maka gargaɗi, ta kashe kanta don ta tsira. Uwa ba ta yin haka. Rufa maka asiri za ta yi, har a gaban 'yar'uwarka.

Ku gyara kayanku, ku share musu ƙura, ku ba su iska, wannan ba laifi ba ne. Amma kada iskar ta fito daga haƙƙin wani. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mutumin nan ya zo wurina sau ɗaya, bayan sallah, ya rame har sai da ya gabatar da kansa. Na gaya masa abin da ya wajaba in gaya masa, cewa ƙofar tuba ba ta rufe ba, ya yawaita yi mata addu'a, ya yi sadaka da niyyarta, ya je ya durƙusa wa yayarsa. Ya saurara har na gama. Sai ya ce:

"Malam, na san Allah mai gafara ne. Ni Inna nake so in ba haƙuri."

Abin da ya faɗa ke nan, ya 'yan uwa. Ya ɗauki takalmansa ya tafi.

Wanda mahaifiyarsa ke da rai, ƙofar ɗakinta ba ta da nisa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya yafe wa wannan bawa nasa, ya ba mu ikon jin iyayenmu tun suna iya kira. Allah ya kiyaye mu da nadamar da ba ta da wanda za a kai wa. Amin.