Tafin Hannun Waziri a Jikin Ganuwa

Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a zamanin da, lokacin da gari ba ya kwana da ƙofa a buɗe. A wata masarauta ganuwar birni ta tsufa ta zube, har akuya kan tsallake ta tana tuƙa. Sai Sarki ya tara fadawa ya ce a sake gina ta kafin ruwan farko. Ya dubi Barmo, Sarkin Magina, ya ce, "In ta tsaya, akwai riga da doki. In ta faɗi, wuyanka ne zai biya."

To, maginan garin nan suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk wanda ya gama sashensa, sai ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyen yaɓe. In gini ya tsaya, yabo na mai hannu ne, in ya rushe, mai hannu ake nema. Ga kuma Sallau makaɗi, wan Barmo, yana bin su da ganga, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. Mutum ya ji an ambaci ubansa a gaban jama'a, ai sai ya manta da yunwa. A haka suka gama ɓangaren ƙofar arewa, ya bushe ya yi ƙarfi.

Waziri Arzika, mutumin da ko kura ba ta fi shi haɗama ba, ya ga riga da doki za su wuce shi. Ya lallaɓi Sarki aka ba shi kula da aikin. Ranar da ya fara zuwa ya ce, "Biki ake yi a nan ko gini? Daga yau babu kiɗa, babu wanda zai ƙara ɓata wa Sarki bango da hannu."

Sallau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gangar nan ita ke ɗaukar rabin ƙasar da kake gani."

Waziri ya sa dogarai suka fasa gangar, suka ɗora hannun Sallau na dama a kan dutse suka buge shi da kulki. Barmo da kansa ya ɗaure wa wansa karayar. Ya kuma rantse a ransa sai Waziri ya ɗanɗana kuɗarsa.

Aiki ya koma na bulala. Ita kuwa bulala tana sa ƙafa ta motsa, amma ba ta sa ta taka da gaske. Aka riƙa kwaɓa ƙasa sama-sama, ana ɗora tubali tun bai bushe ba, tunda ba mai tambayar wa ya yi nan, wa ya yi can. Barmo ya je ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar nan ba ta kwaɓu ba, ba za ta riƙe ruwa ba."

Waziri ya ce, "Bakinka yana marmarin abin da hannun wanka ya samu ne?"

Barmo ya sunkuyar da kai ya koma. Ya dai faɗa, an kuma ji.

Ranar yaɓen ƙarshe Sarki ya fito duba aiki. Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, gaskiya ɗaya ce. Wannan gini na Waziri ne, mu 'yan ɗauko ne kawai. A al'adarmu mai gini shi ke sa hannu, daɗinsa da ɗacinsa duk nasa ne. Ina roƙo a bar shi ya sa, kada in ci rigar da ba tawa ba."

Sarki ya ce, "Waziri, ka yarda?"

Idon Waziri yana kan dokin da aka riƙe a gefe. Ya ce, "Na yarda, Zaki." Ya naɗe hannun riga ya bi ganuwa sashe-sashe yana dannawa, yana murmushi. Kai, kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ba a jima ba hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa tun hantsi har la'asar. Ganuwa ta jiƙe ta zauna kamar tuwon da aka cika wa ruwa, in ban da ɓangaren arewa mai ɗauke da hannuwan magina, wanda ko gezau bai yi ba.

A fada Waziri ya yi wuf ya ce, "Zaki, ai tun farko wuyan Sarkin Magina aka ambata."

Barmo ya ajiye wani guntun bango a gaban Sarki, da shatin hannu a jiki, ya ce, "A gwada mu duka biyu." Hannun Barmo ya yi wa shatin girma. Na Waziri ya zauna daram.

Sarki ya sa a kira hauni mai sare kai. Sai Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, akwai wanda ya riga hauni haƙƙi a kansa." Aka shigo da Sallau, hannunsa a shanye.

Sallau ya dubi Waziri, sannan ya ce, "Kada a kashe shi, Zaki, gawa ba ta jin komai. A tuɓe masa rawani a sa shi cikin masu kwaɓa har a gama ganuwa."

Haka aka yi. Sarki ya mayar da al'adar hannu, ya ba Barmo riga da doki, ya sa a riƙa kai wa magina fura daga fada. Sallau ba ya iya riƙe ganga, amma makogwaronsa yana nan. Kullum yakan bi layin ma'aikata yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, ƙasa tana kwaɓuwa, ganuwa tana tashi. In ya iso kan Arzika, wanda laka ta kai masa gwiwa, sai ya tsaya ya dube shi tsaf, ya ƙi kiran sunansa, ya wuce ya kira na gaba.