Maginin Rijiyar da Takarda Ta Ce Babu Shi

Akwai wani maginin rijiya a Isawan, can arewacin Mayahi, ana ce masa Na Allah. Shekara talatin ya yi yana shiga cikin ƙasa yana fito wa mutane da ruwa. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. Ku yi haƙuri da ni yau, don labarin nan duk sa'ad da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A shekarar farin 1984 ne, zamanin mulkin soja. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Rijiyoyi suka ja ƙasa, guga ta koma ɗebo laka. Maza suna ta ɗaure ƙunshi suna nufar Katsina da Kano. Na Allah kuwa ya rantse wa matarsa Zara'u cewa ba zai tafi ya bar ta da 'ya'ya cikin yunwa ba, muddin akwai rijiyar da za a yashe.

Ana nan sai aka yi shela. Wai za a gwada wata ƙidayar masu sana'a ta gaggawa, kwana uku kacal. Wanda sunansa ya shiga takarda shi za a ba aikin gwamnati, a biya shi da gero. Babban aikin kuwa yasar rijiyoyi ne da ƙara musu zurfi. Amma kafin a soma, an ce masu sana'a su zo Tasawa su ji tambayoyin, kowa ya faɗi ra'ayinsa, a gyara inda aka yi kuskure.

Kwana biyu Na Allah ya yi a hanya, da ƙafa.

Aka taru ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro. Ma'aikacin da aka ɗora wa aikin ana ce masa Mushe Laminu, wato Malam Laminu a Faransanci, mai tabarau da alƙaluman bik uku a aljihun gaba. Ya karanta tambayoyin da Faransanci, ya fassara waɗanda ya ga dama: suna, sana'a, lambar rumfa, da fatanti, wato takardar harajin ciniki. Ya ce a ranakun kasuwa za a yi ƙidayar, don a gama da wuri.

Na Allah ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ba ni da rumfa. Mu goma sha ɗaya ne magina rijiya a ƙasarmu, kuma ranar kasuwa muna ƙasan rijiya. Wagga takarda taka masu zama kaɗai take gani."

Mushe Laminu ya dube shi ta saman tabarau.

"Baba, haƙa rami ba sana'a ba ce. Ai ko gafiya tana yi."

Aka bushe da dariya. Wanda ya fi kowa buɗe baki shi ne Alhaji Mai Nasara, mai kantin siminti da ƙarfe a bakin titi.

Na Allah bai zauna ba. Ya ce, "An ce mana gwaji ne. To mu ma muna da gwaji. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya sai mun zura fitila a kunne. In ta mutu, iskar ciki guba ce, ba mai shiga sai an kore ta. Kai ma ka zura taka fitilar, ga shi ina gaya maka ta mutu."

"Camfin ƙauye," in ji Mushe Laminu. "Wa kuma ke da magana?"

Ba wanda ya sake ɗaga hannu. Wa zai so a kira shi gafiya gaban jama'a? Mushe ya rubuta a kayensa, wato littafin aikinsa, cewa jama'a sun amince baki ɗaya. To don Allah, in ka san ba za ka saurara ba, me ya sa ka tara bayin Allah cikin rana da yunwa? Wannan ai cin mutunci ne da hatimi a kansa.

Aka yi ƙidaya kwana uku, takarda ta fito. Ga masu kanti, ga teloli, ga mahauta. Magina rijiya kuwa, babu ko ɗaya a ƙasar duka. Sai aka ba Alhaji Mai Nasara aikin rijiyoyi, tunda yana sayar da siminti kuma yana da fatanti. Mutumin da ko guga bai taɓa ja da hannunsa ba.

Abokan sana'ar Na Allah suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanensa Ɗan Azumi, wanda suka yi shekara ashirin ɗaya na ƙasa ɗaya na riƙe da igiya, ya jingine daginsa a zaure ya bi hanyar kudu. A gidan Na Allah aka koma dafa dusa da ganyen tafasa.

Wata safiya Zara'u ta kifa tukunya gabansa.

"Malam, rantsuwarka ba ta cika tukunya. Ka sayar da kayan aikin nan ka bi Ɗan Azumi, ko Allah ya sa mu ga damina."

Ya san ta fi shi gaskiya. Ya naɗe igiyarsa, ya ɗauki dagi da fitila, ya sake takawa Tasawa ranar kasuwa don ya sayar da su.

Ashe ran nan ne Alhaji zai buɗe aiki. An zaɓi wata tsohuwar rijiya a gefen kasuwa, wadda aka rufe da itace da laka shekara uku. Kwamanda, sojan da ke mulkin yankin, ya zo da kansa. Mushe Laminu na gefensa da kaye a hammata. An ɗaura igiya a ƙugun wani manomi mai suna Cha'ibu, uban 'ya'ya biyar, wanda ya yarda ya shiga don tiya biyu ta gero. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga bakin rijiyar.

Na Allah ya yar da dagi, ya keta taron, ya damƙe igiyar.

"Wallahi ba zai shiga ba. Kun zura fitila?"

Wani soja ya ɗaga gindin bindiga. Mushe Laminu ya yi maza ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon nan ne mai camfi. A fitar da shi."

"Ku buge ni in kun so," in ji Na Allah. "Amma sai na zura fitila. In ta kai ƙasa da ranta, ku ɗaure ni."

Kwamanda ya ɗaga hannu, sojan ya ja baya.

Na Allah ya kunna fitilarsa, ya ɗaura mata siririyar igiya, ya shiga zurawa a hankali. Zurfin gaba biyar tana ci. Gaba bakwai wutar ta ƙanƙance. Kafin gaba tara ta mutu murus.

"Iska ce ta hure ta," in ji Mushe Laminu.

Ku ji fa. Iska a cikin rijiya.

Na Allah ya ce a kawo zakara. Aka karɓo wani ja daga masu kaji, aka sa shi a kwando aka zura. Ana jin kukansa, can sai shiru. Da aka jawo kwandon, wuyan zakara a langaɓe, ya mutu.

Cha'ibu ya dubi zakaran, ya dubi igiyar da ke ƙugunsa. Ya zauna a ƙasa daɓas yana salati, hawaye na zuba.

Kwamanda ya juya ga Na Allah. "Kai wane ne?"

"Ranka ya daɗe, babu ni. Tambayi Mushe, yana da shi a rubuce."

Nan mutanen kasuwa suka ɓarke da magana, har waɗanda suka yi dariya ranar taro. Suka faɗi yadda ya tashi ya yi gargaɗi, da abin da aka kira shi. Kwamanda ya saurara har ƙarshe. Sannan ya sa aka kwance igiyar daga ƙugun Cha'ibu, ya miƙa wa Mushe Laminu.

"Ka ce camfi ne. Bisimilla, shiga."

Mushe ya ja da baya har ya taka ƙafar Alhaji. Faransancin duk ya ƙafe. Alhaji kuwa aka neme shi bayan ɗan lokaci aka rasa.

Na Allah ya sa aka saro rassan bedi, aka ɗaura su dami guda, ana zurawa ana jawowa da ƙarfi don a kore mugunyar iskar. Sai bayan la'asar fitila ta kai ƙasa da ranta. Sannan ya yi bisimilla ya shiga. Tun daga ranar aikin rijiyoyi ya koma hannunsa, buhun gero ya shiga ɗakin Zara'u, kuma bai bar gida ba.

Mushe Laminu kuwa aka ce ya sake ƙidayar tun daga farko, ba a kasuwa ba, rijiya rijiya, kuma ba mota. Bayan wata guda ya iso Isawan a kan jaki, leɓɓansa sun tsage. Ya tarar Na Allah na ƙasan rijiya. Ya tsaya a rana tun hantsi har azahar, ba wanda ya ce masa zauna.

Da Na Allah ya fito, laka har gira, bai gaya masa baƙar magana ba. Ya ce wa wata mata da ke ɗiban ruwa ta ba baƙo ya sha. Mushe ya shanye ƙwarya guda, ya buɗe kaye, kansa a sunkuye.

"Baba, ka ce ku goma sha ɗaya ne. Ina sauran?"

"Rubuta huɗu," in ji Na Allah. "Bakwai takardarka ta farko ta kore su. Ciki har da ƙanena Ɗan Azumi, har yau ko saƙonsa ba mu samu ba. Matarsa ce ta ba ka ruwan da ka sha."

Darasi: In ka tara mutane ka ce su faɗi ra'ayinsu, to ka saurara, ko da mai maganar ba shi da takalmi. Wanda ke cikin rami ya fi mai bik sanin zurfinsa, kuma gyaran da aka ƙi yi a kan lokaci wasu ne ke biyansa da rayuwarsu. Ku tura wa duk wanda Allah ya ba kujera, ko ya karanta kafin ya raina wani.