Yadda Kwaɗo Ya Shayar da Furen Hawainiya

An yi wata Hawainiya mai haƙurin tsiya da ke kiwon fure a ƙofar gidanta. Manta-uwa ake ce masa, irin furen nan da ba ya son ƙasa, sai dai ya maƙale a ɓawon itace, saiwoyinsa a fili suna shan iska. Ta ɗaura shi a kututturen ɗorawa, ta yi shekara da shekaru tana yayyafa masa raɓa. Sai bana, da damina ta kawo kai, ya fara fitar da tohon fure.

Maƙwabcinta Kwaɗo ne, gwanin iya yi, wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

Ana nan sai aka aiko ƙanwar Hawainiya ba lafiya. Ta bar wa Kwaɗo amanar furen, ta roƙe shi ya yayyafa ruwa kaɗan da safe, kada ya ƙara.

"Haba Iya, ni za a koya wa ruwa?" in ji Kwaɗo. "A cikinsa aka haife ni."

Tana ba da baya, gogan naka ya dubi saiwoyin nan a waje, ya ce wannan ai rowa ce da mugunta. Ya ɓamɓare furen, ya kai bakin kududdufi, ya dasa shi cikin laka har wuya. Kai, wannan karambani da yawa yake! Har zagaya unguwa ya yi yana cewa ya ceci rai.

Da Hawainiya ta dawo, wari ne ya fara tarbarta. Saiwoyi sun ruɓe, toho ya zube. Don ɓacin rai, jikinta ya rikiɗe ya yi baƙi ƙirin.

"Amana na ba ka, Kwaɗo, ko gyara na sa ka?"

Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya kumbura wuya ya ce da ma furen mai ciwo ne, shi da aka shayar da shi ya ƙoshi me zai kashe shi.

"Kai laka ce ta rene ka," in ji ta, "shi ne kake zaton kowa ɗan laka ne?"

Ta tona ruɓaɓɓen da hannunta, ta samu ɗan tsiro guda da sauran rai. Ta tattara komatsanta, ta hau da shi can ƙololuwar ɗorawa, ta ɗaure.

Damina ta zagayo, furen ya buɗe, rawaya mai ɗigo-ɗigo, ƙamshi har ƙasa. Duk ƙwarin unguwa suka watse daga bakin kududdufi suka koma sama. Hawainiya na zaune cikin furanni, sai dai ta miƙa harshe.

Kwaɗo ya rasa ƙwarin da zai ci, ya rame. Ya zo gindin bishiya yana roƙo a saukar da furen, ya ce shi ma ai ya yi masa wahala.

"Ga hanya nan, hawo," in ji Hawainiya.

Ya yi tsalle, ya faɗo da baya. Ya sake, ya sake faɗowa.

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya raya ka ba lalle ya raya wani ba. In an ba ka amana, yi yadda mai abu ya ce, in kuma ba ka sani ba, ka tambaya.