Ranar da Fintan Ya Tsallake Layin Masu Yajin Aiki

Akwai wani ɗan majalisa a garin Drogheda na ƙasar Ireland, sunansa Fintan Mulqueen. Lebura ne a tashar jiragen ruwa kafin ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da shi takara. Sau uku yana cin zaɓe da ƙuri'un 'yan dako da direbobi da masu wanki. A karo na uku aka naɗa shi ƙaramin minista.

A garin, idan ma'aikata suka ja layi a bakin ƙofa suna yajin aiki, ba a tsallake su. Ko mai kawo madara juyawa yake.

Ana saura wata biyu zaɓe, aka gayyaci Fintan liyafa a wani otal. Masu wankin otal ɗin sun shiga sati na biyar a waje cikin ruwan sama, saboda an kori uku daga cikinsu. Yayarsa Nuala tana layin, riƙe da kwali.

Da ya iso, ta ƙwanƙwasa gilashin motarsa.

"Fintan, juya. Ka san ba a yi."

"Yaya, minti ashirin ne. Hoto kawai za mu ɗauka."

"Da wa? Da wanda ya kore mu?"

"Ke zanin gado kika sani. Bar mini siyasa."

Ya ce wa direba ya ja. Taya ta watsa wa Nuala ruwan kwata har ƙirji. Da 'yan jarida suka tambaye shi, ya ce bai san ko ɗaya daga cikin matan ba.

Babu wanda ya zage shi. Da ya fito neman ƙuri'a gida-gida, aka ba shi shayi, aka ce, "Za mu tuna da kai, ranka ya daɗe."

Ranar ƙidaya ya faɗi da ƙuri'a shida. Ya sa aka sake ƙirgawa, shida ɗin dai. Yana zaune shi kaɗai a zauren ƙidayar, Nuala ta zo ta tsaya a kansa.

"Shida kacal, Yaya," ya ce.

"Na ji. Mu bakwai ne masu ƙuri'a a gida, har da Mama. A keken guragu muka kai ta. Ba wanda ya zaɓe ka a cikinmu."

"Mama ba za ta yi mini haka ba."

"Ita ta tashe mu da safe. Ita ta fara jefawa."

Darasi: Wanda ya ce bai san mutanen da suka ɗora shi ba, ranar da yake buƙatarsu su ma ba za su san shi ba. Ku tura wa duk wanda kujera ta fara rage masa gani.