Manomin Tumatir da Fawa Bank Mai Fitilu Huɗu

Akwai wani mutum mai lambun tumatir a bakin kogi, tafiyar awa biyu a ƙafa daga babbar hanya. Babu wutar lantarki a lambun, a gidansa ma sai jefi-jefi ake kawo ta. Dukan harkarsa kuwa a waya take. Da ita yake kiran masu tsinka, da ita kuma yake kwatanta wa direbobi hanya, gama hanyar lambun ta rabu wuri uku, baƙo ba ya gane ta.

Da tumatir ya fara ja, sai ya tafi kasuwa ya sayi fawa bank, ɗan akwatin nan da ake tara wuta a ciki domin cajin waya inda babu lantarki. Mai shagon ya ajiye masa guda biyu a kan tebur.

Na fari baƙi ne, mai nauyi, da ɗan gilashi a gefe mai nuna lamba. Manomin ya haɗa wayarsa ya gwada. Ba a jima ba lambar ta sauko daga sittin zuwa hamsin da tara. Ya ɓata fuska ya ce, “Wannan ai tsiyaya yake yi.”

Mai shagon ya ce, “Ba tsiyaya ba ce, Baba. Abin da ya ba wayarka ne yake gaya maka. Har laftof yana ɗauka, in ya kusa ƙarewa kuma za ka gani da idonka.”

Na biyun fari ne sumul, marar nauyi, da ƙananan fitilu huɗu masu shuɗin haske. Ya haɗa wayar ya jira, fitilun nan ba su motsa ba. Mai shagon ya ce, “Wannan kam gaskiya ban san cikinsa ba. Sati uku ke nan mutane suna gwada shi, ban taɓa ganin fitila ɗaya ta mutu ba.”

Manomin kuwa mutum ne da ba ya son abin da zai tayar masa da hankali. Maganar da ya kamata ta sa shi tunani, ita ce ta faranta masa rai. Ya ɗauki farin ya tafi gida.

Ya sa shi a wuta sau ɗaya. Daga nan kullum da safe yakan danna maɓallin, fitilu huɗu su kama, ya jefa shi a aljihu ya nufi lambu. A rana ta huɗu matarsa ta ce masa, “Baban Rifkatu, jiya an kawo wuta, ban ga ka sa abin nan ba.”

Ya danna ya nuna mata. “Duba da kanki, a cike yake.”

Ta ce, “To. Ni dai randata in na ɗibi ruwa, ina ganin ta ragu.”

Ya yi dariya ya fita.

Ranar ce ranar babban tsinka. Kafin rana ta take, masu tsinka sun cika kwanduna sun jera su a bakin lambu. Sai direban motar da zai kwashe kayan ya kira. Ya ce, “Na iso mararraba, dama zan bi ko hagu?” Manomin ya buɗe baki zai amsa ke nan, wayar ta mutu.

Bai damu ba. Ya ciro fawa bank ya haɗa, waya ba ta tashi ba. Ya cire, ya hura bakin, ya sake haɗawa. Shiru. Ya danna maɓallin, fitilu huɗu suka kama kamar kullum, alhali fawa bank ɗin ya ƙare. Wata mata cikin masu tsinka ta miƙo masa tata wayar, amma lambar direban tana cikin wadda ta mutu, bai haddace ta ba.

Ya kama hanya a ƙafa cikin zafin rana. Da ya isa mararraba, wata mai sayar da gyaɗa ta gaya masa motar ta daɗe a tsaye, direban ya yi ta kira har ya gaji, daga baya ya sami lodin albasa ya wuce.

Sai bayan kwana biyu aka sami wata mota. Kafin nan rabin tumatirin ya yi laushi, ruwa yana bin gindin kwanduna. Abin da ya yi saura, shi da matarsa suka zauna suna yankawa suna shanyawa a yi kauɗa. Ba ta tuna masa maganarta ba ko sau ɗaya. Shi ne da kansa ya ajiye wuƙa ya ce, “Maman Rifkatu, ba ƙarewar da ya yi ce take ci mini rai ba. Da ya nuna mini saura kaɗan, da na sa shi a wuta ranar da aka kawo ta.”

Ma’anar wannan misali ita ce, ’yan’uwa, kowannenmu ana ɗibar abin da ke cikinsa kowace rana. Haƙuri yakan ragu, ƙauna takan yi sanyi, bangaskiya takan yi rauni. Wannan ba abin kunya ba ne, Ubangiji ya san mu, yana kuma cika duk wanda ya komo wurinsa. Haɗarin yana wurin mutumin da bai san ya ragu ba, gama wanda yake zaton a cike yake ba zai durƙusa ya roƙa ba.

Zaɓin da manomin ya yi a shago, mu ma muna yin sa. Akwai abokin da kullum zai ce maka ba komai, kana nan daidai. Akwai kuma wanda zai kira ka gefe ya ce, “Ɗan’uwa, kwanan nan fushinka ya yi kusa, mun daina ganinka wurin addu’a.” Maganarsa tana da nauyi, ba ta da daɗin ji, shi ya sa muke ajiye shi mu ɗauki wancan. Haka muke yi da Maganar Allah ma, mukan tsallake wurin da ya taɓa mu.

Saboda haka kowa ya tuna mutum na ƙarshe da ya gaya masa gaskiya game da halinsa. Idan tun daga ranar ka daina gaishe shi, ka neme shi yau kafin ka bar harabar ikilisiya.